Fasfon Rifkatu

Mamana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ke da angonki, da fatan takardar nan ta same ku lafiya. Allah ya kai ku Manchester cikin aminci, ya tsare ku a hanya, ya sa gidan da za ku shiga ya karɓe ku da alheri. Allah ya raba ku da sharrin abin da ido ke gani da wanda ba ya gani.

Na san za ki yi dariya. Ga ɗakina ga ɗakinki, bango ɗaya ya raba mu, amma na zauna ina rubuta miki wasiƙa kamar wadda ke Kano. Yi dariyarki. Ke 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyata gare ki. Ko sunan naki ban taɓa kira ba, balle in dube ki ido cikin ido in faɗi abin da zan faɗa. Kuma in da baki ne, kafin in kai tsakiya kin katse ni da Turancin nan naku na lauyoyi. Takarda kuwa ba a katse ta.

Shekaranjiya muna ɗaure kayanki a kwali kika ce, "Mama, in Allah ya ba ni haihuwa ki samo min wata daga gida ta riƙa taya ni, irin Anti Rifkatu, amma wadda ba za ta kwashe min gwal ta gudu ba." Kika yi dariya, ni ma na yi. Kin dai ga farantin da ke hannuna ya suɓuce ya fashe, na ce miki santsi ne. Ba santsi ba ne.

Rifkatu ba ta ɗauki ko allura a gidan nan ba. Sarƙar da na ce ta sace, ita ce kika sa a wuyanki ranar walimarki. Shekara ashirin ke nan ina riƙe da wannan ƙarya, kuma ba zan bari ki shiga gidan aurenki da ita ba. Ki karanta har ƙarshe kafin ki buga min ƙofa.

Kina da wata biyu a duniya Rifkatu ta zo. Kakarki ta wajen uba, Hajiya Babba, ita ta samo ta daga wani ƙauye a kudancin Bauchi. Kirista ce, amma Hausarta ta fi tawa daɗi. Mijinta ya rasu, ta bar ɗanta Yohanna, mai shekara huɗu, a hannun tsohuwarta. An yi da ita shekara biyu za ta yi ta koma. Tun a filin jirgi, kafin mu kai ga mota, na miƙa mata hannu na ce, "Kawo fasfonki in ajiye miki, kada ya ɓace." Ta durƙusa ta ba ni da hannu biyu, har da godiya.

Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Hajiya Babba ta ja min kunne a waya, ta ce mai aiki in fasfonta na hannunta, to ƙafarta ɗaya na waje. Duk matan da nake hulɗa da su a lokacin haka suke yi, kuma ba wadda ke kiran abin da sunansa. Ajiya muke ce masa. Na sa shi a ƙasan akwatin zannuwana, na rufe. Da shekara biyu ta cika ta tambaye ni, na ce ta bari sai kin shiga makaranta. Da kika shiga makaranta na ce ta bari a gyara takardu. Ba wanda ya gyara komai, bizarta ta mutu a cikin akwatina.

To Mamana, ga na farko. Ajiya ita ce wadda mai ita zai ce ba ni abina, ki miƙa masa ba tare da tambayar me zai yi da shi ba. Duk abin wani da ke hannunki wanda yake jin tsoron tambayarki, ba ajiya kike yi ba, ɗaure shi kika yi. Kuma kada ki yarda da abu don kawai kowa na yi. Mu da muka yi, da alwalarmu muka yi.

Lahadinta ta farko a gidan nan ta hau sama ta sha ɗaurin ɗankwali, da ɗan littafinta na waƙoƙin coci a hannu, ta ce, "Hajiya, ko akwai coci nan kusa?" Na ce, "Ba ki san gari ba, ɓata za ki yi. Bari sai wani satin." Wani satin ya zo na ce muna da baƙi. Haka na yi ta ja mata rai har ta daina tambaya. Gaskiyar magana abu biyu nake tsoro. Kada ta haɗu da mutanenta su buɗe mata ido, kuma kada matan unguwa su ga ana fita daga gidan Hajiya ana tafiya coci. Ni kuwa duk Juma'a ina masallaci a Whitechapel, in dawo ina mita wai Turawa na kallon hijabina a bas, wai ba a barin mutum ya yi addininsa cikin kwanciyar hankali. Ita ke karɓar mayafin ta ninke min. Kin ji rashin kunya.

Ki kiyaye wannan. Zafin da kike ji in an taɓa miki salla, shi wani ke ji in an taɓa masa tasa ibadar. Ba a ce ki bi addinin kowa ba, ki riƙe naki da kyau. Amma kada ki taɓa tsayawa tsakanin mutum da inda yake kai kukansa, musamman wanda ke cin abinci a hannunki kuma ba shi da bakin ce miki a'a.

Kin san ɗakin ƙasa, inda injin wanki yake yanzu ma. Nan take kwana. Da ta ga ba fita, sai ta mayar da shi cocinta. Duk Lahadi da hantsi, in ta gama wanke-wanke, sai ta sauka, ta nannaɗe wani tsohon zani ta toshe ƙasan ƙofa don kada sauti ya fito, ta yi ta rera waƙarta ƙasa-ƙasa. Ina jin ta daga kicin, ta cikin katakon daɓe. Ban hana ba, ina ganin ma na yi mata alfarma.

Wata Lahadi ina soya miki ƙwai, rana ta fito tar, sai na ji an amsa mata. Ta ja baiti ita kaɗai, sai wasu muryoyi suka ɗauka, maza da mata, can ƙasa-ƙasa kamar masu tsoron a ji su. Kuma ba Hausa ba ce. Na kashe wuta na kasa kunne. Na ce ko rediyo ta samo, na sauka na tura ƙofar. Tana zaune a bakin gado ita kaɗai, littafin a cinyarta.

Na ce, "Ke da wa?"

Ta ce, "Ni kaɗai ce, Hajiya."

Da na gaya wa babanki, Allah ya ji ƙansa, dariya ya yi. Kin san likita, komai sai ya samo masa dalili. Ya ce jirgin ƙasa ne ke wucewa ta ƙarƙashinmu, bututun ruwa na amsawa. Na ce to, jirgin da ba ya wucewa sai Lahadi da hantsi. Daga ranar kusan duk sati sai na ji su.

Kina da shekara shida da 'yan watanni wani tsoho Bature ya buga mana ƙofa da la'asar, da sandarsa da wata jakar takardu. Ya ce suna da ƙungiya ta tsofaffin unguwa masu bin tarihin gine-gine, yana roƙon a bar shi ya ga ɗakin ƙasa. Ni da na so in sallame shi, amma babanki na gida, kuma yana son irin wannan surutu. Muka sauka mu uku. Rifkatu na tsaye tana guga.

Tsohon ya ce saman gidan an sake gina shi, amma ɗakin ƙasan ya haura shekara ɗari uku. Ya ce a wancan zamani hukumar ƙasar nan coci ɗaya ta yarda da shi, kowa dole can zai yi ibada. Sai wasu suka ƙi. Su ma Kiristoci ne, yawancinsu talakawa, masaƙa da maɗinka da masu gasa burodi, amma suna so su karanta littafinsu su yi addu'a yadda suka fahimta. Aka haramta musu taro. Sai suka riƙa haɗuwa a ɓoye a irin wannan ɗaki, su toshe ƙasan ƙofa da tsumma, su sassauta murya. Maƙwabta ne ke kai rahotonsu. Wanda aka kama a ci shi tara ko a ɗaure shi, in ya sake a ƙara, in ya kuma sai a sa shi a jirgin ruwa a ƙetare teku da shi, ya je ya yi bauta a gonakin rake shekara bakwai. Ya ce da yawa ba su dawo ba, 'ya'yansu sun girma a nan ba su san fuskarsu ba.

Ya ɗaga sandarsa ya nuna mana wasu zane-zane a jikin katakon rufi, layi-layi, kamar an karce da ƙusa. Ya ce ba wanda ya san ko mutane ake ƙirgawa ko ranaku. Sannan ya sa babanki ya ɗan ja injin wanki, sai ga wata 'yar ƙofar ƙarfe a bango, ta zuba gawayi, mai fita lungun baya. Shekarunmu a gidan ba mu san da ita ba. Ya ce ta nan suke sulalewa in an zo kama su.

Rifkatu ta ajiye dutsen guga ta ce, "Hajiya, me yake cewa?" Turancinta bai kai ba. Ni da bakina na mayar mata da Hausa, tun daga toshe ƙofa har zuwa jirgin ruwa. Ina cikin fassarar na ga tsohon ya tsaya yana kallon nannaɗaɗɗen zanin nan a bakin ƙofa. Ya kalli zanin, ya kalli gadon, ya kalli Rifkatu. Babanki ya ce ya tsaya ya sha shayi, ya ce a'a ya gode. A bakin ƙofar gida ya juyo ya ce da ni, "Ɗakin nan akwai sanyi." Ya tafi, ban sake ganinsa ba.

Da na koma ƙasa na same ta tana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Shekara bakwai." Sai ta ce, "Su dai an gaya musu ranar, Hajiya."

Kin san abin da na ce mata? Na ce ta je ta duba tukunya.

Wallahi na gane. Ba zan ce miki ban gane ba. Allah ya aiko min da gargaɗi har gida, da sandarsa, ya sa na fassara shi da harshena, na kuma toshe kunne. Saboda haka in an faɗa miki gaskiya kada ki tsaya duba wanda ya faɗa, ko Bature ne, ko mai aikinki ce, ko yaron da kika haifa. In kika ji magana ta soke ki kuma kika ji kina neman abin da za ki aiki mutum ya bar gabanki, to ki zauna, maganar taki ce.

Yanzu ga wanda ya fi min nauyi. Kina da shekara bakwai, lokacin sanyi, wata Asabar na leƙa ɗakinki na same ki kwance rub da ciki da littafin Rifkatu, kin ɗora yatsa a kan layi kina karantawa da ƙarfi. Da Hausa, tiryan-tiryan, ke da in na yi miki Hausa sai ki amsa min da Turanci. Kika ɗago kina murna kika ce in zo in ji kin iya. Ni kuwa ban ji karatu ba, waƙar coci na ji a bakin 'yata. Idona ya rufe. Na fizge littafin, na sauka na same ta, ban bar mata ko kalma ɗaya ba. Tana ta cewa, "Hajiya, ita ta ce in koya mata baƙaƙe, kuma shi kaɗai ne littafin Hausa a gidan." Gaskiya ta faɗa. Matar nan ita ke tashin ki sallar asuba, ita ke ɗaura miki hijabi ta raka ki bakin Islamiyya, ita ke dafa mana sahur alhali ba ta azumi. Duk ban tuna ba. Na yayyaga littafin a gabanta na zuba a shara. Shi kaɗai ta zo da shi daga gida, da sunan mijinta a bangon.

Washegari Lahadi, da ta sauka ɗakinta, na bi bayanta na sa kwaɗo ta waje. Na ce yau ba waƙa a gidana, ta zauna ta yi tunani. Na kai ki Islamiyya da kaina, na biya kasuwa na yi cefane hankalina kwance. Na dawo wajen azahar. Ina ajiye leda a kicin na ji su. Ban taɓa jin su da ƙarfi haka ba, kamar ɗakin ya cika maƙil, har cokulan da ke kan tebur na ɗan rawa. Raina ya ɓaci, na ce wato ma gayya take min. Na sauka da mukulli. Ina buɗe kwaɗon, tsit.

Ba kowa. An ture injin wanki gefe, 'yar ƙofar ƙarfen nan a buɗe, iska mai sanyi na shigowa. An gyara gadon tsaf. Rigar sanyinta na rataye a sama bayan ƙofar falo, takalminta ma na can. Da silifa ta fita, a garin da ba ta san kowa ba, ba takarda ba komai. Da na ƙirga daga baya, a watan ne shekararta bakwai ta cika.

Kwana uku kika yi kina kuka kin ƙi abinci, kina zama a kan matakalar ɗakin ƙasa kina jiran ta. A rana ta uku na cire sarƙata na ɓoye, na ce miki Anti Rifkatu ɓarauniya ce. Nan take kika daina kuka. Na ga lokacin da fuskarki ta canja, kuma na ji daɗi a lokacin, Allah ya yafe min. Na raba ta da ɗanta, na raba ta da cocinta, sannan na raba ta da ke, ke da kika rage mata. Babanki ya sani, ya yi shiru. Sai a asibiti, kwana biyu kafin ya cika, ya riƙe hannuna ya ce, "Fasfon nan." Na ce masa ya huta.

Kada ki hukunta mutum cikin fushi, Mamana, kin gaji zuciyata, na sani. Kuma in kika yi laifi kada ki ɓata sunan wanda kika zalunta don ki wanke naki a idon 'ya'yanki. Yara na girma, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne.

Bara na je suna a unguwar Catford, ranar Lahadi. Ina sauka daga bas na gan ta a tsallaken titi. Ta yi furfura, tana ɗan ɗingishi, amma ɗaurin ɗankwalin nan bai canja ba. Ta shiga wani ɗan zaure kusa da shagon kayan miya, inda Kiristoci 'yan arewa ke taruwa. Uwarki, da girmanta da jakarta, ta laɓe a bayan rumfar jiran bas kamar ɓarauniya. Na tambayi mai jegon da dabara. Ta ce ai Maman Yohanna ce, kowa ya san ta, tana jinyar tsofaffi a ɓoye saboda ba ta da takardu. Ba ta taɓa komawa gida ba, tana tsoron ko ofishin hukuma ta wuce ta gabansa. Tsohuwarta ta rasu ba ta gan ta ba. Yohanna har ya yi aure ya haihu, a waya kawai take ganinsa. Na ci tuwon sunan na dawo gida ban yi komai ba.

Abin da kika ji da tauri a cikin ambulan ɗin nan, fasfonta ne. Ya daɗe da mutuwa, ba zai kai ta ko'ina ba, amma nata ne. Ki duba hoton, ba ta wuce shekarunki na yanzu da yawa ba. Ranar Litinin za ku tafi. Ina roƙonki ki kai ni Catford ranar Lahadi, don ni kaɗai na gwada sau uku ina juyowa daga tasha. Ki tsaya kusa da ni in miƙa mata da hannu biyu yadda ta ba ni. In ta yafe, alhamdu lillahi. In ta tofa min yawu, na cancanta. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, kuma malamai sun gaya mana haƙƙin mutum sai shi ya yafe.

Sannan karatun lauyan da kika yi, ki yi mata aiki da shi, ta samu takarda ta je ta ga ɗanta. Na san dole a tambayi yadda ta shigo da wanda ya riƙe ta. Na san sunan da dokar ƙasar nan ke kiran abin da na yi, ke kin fi ni sani. Ki rubuta sunana, kada ki ɓoye. Zancen samo miki wata daga gida kuwa, a bar shi. In kin haihu ni zan zo in yi miki wanka. In kuma dole sai kin ɗauki mai taimako, to takardarta na jakarta, mukullin ƙofa na hannunta, ranar ibadarta tata ce.

Har yanzu ina jin su duk Lahadi da hantsi, shi ya sa kike ganin ina ƙure rediyo a kicin kina min tsiya wai na fara kurumcewa. Daga Litinin ni kaɗai zan rage a gidan nan da su. Na daina jin tsoronsu, bayin Allah ne da aka zalunta. Abin da nake tsoro daban ne. Duk sati sai na rage rediyon na ɗan lokaci in kasa kunne, ina neman muryar Rifkatu a cikinsu. Ba ta ciki tukuna. Ranar da na ji ta, na san na makara.

Da Hausa na rubuta miki, kuma kin karanta tun daga sama har nan ba wanda ya taya ki. Ban taɓa zaunar da ke na koya miki ko baƙi ɗaya ba. Kin san wadda ta koya miki.

Allah ya yi miki albarka, ya ba ku zaman lafiya ke da mijinki, ya tsare fitarku da shigarku. Allah ya hana ki zaluntar kowa, ya hana kowa zaluntar ki. Allah ya ja kwanan Rifkatu ta taka ƙasar garinsu da ƙafarta, ni kuma ya ba ni ikon haɗa ido da ita.

Suna shiga cocin ƙarfe goma. In mun fita takwas da rabi za mu riga ta isa.

Wassalam,
Mahaifiyarki